Abin da Malamanki Suka Gani

Kafanchan, ranar Lahadi bayan sujada.

Zuwa ga matata Saratu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Haka muke fara wasiƙa tun kina kwalejin horar da malamai ni kuma ina sabon shiga aikin reluwe, ban san wata hanyar farawa ba. Na kusa rubuta ina fatan kina lafiya, sai na tsayar da biro. Na san ba za ki karanta wannan ba. Babu direban Kwoi da zan ba shi ya miƙa miki a ƙofar makaranta. Ina rubutawa ne don jiya na yi wani abu da sunanki, kuma ban saba yin abin da ya shafe ki ban gaya miki ba.

Bari in fara da labarin gida, don in na tsallake za ki ce ban da tsari.

Cikin Rahila ya tsufa. Tana zuwa daga Mararaban Rido duk lokacin da mijinta ya bar ta, ta share gidan da ba shi da datti, ta dafa abincin da zai ishi mutum biyar, ta koma. Ɗanki Iliya yana nan a Jere a shagon nan nasa na bakin titi, ya rame kaɗan, ya ce aiki ne. An tone cittarki. Rabinta ya ruɓe a ƙasa kamar ta kowa, sauran na sa an yanka an shanya. Kajinki sun ragu, ban san ko ɓarawo ba ne ko muzuru, ban kuma bincika ba. 'Yan zumuntar mata sun yi ta kawo mini tuwo har na roƙe su su huta. A coci Mama Kande tana zama a bencinku, amma har yau tana barin wurinki, jakarta take ɗorawa a kai.

Ni kuma ina nan. Ina ci, ina barci, ina zuwa coci. Mutane suna cewa Baban Rahila ya daure, ya yi ƙoƙari. Ba dauriya ba ce, Saratu. Ba na jin komai ne. Kin san yadda ƙafa take yi in an daɗe ana zaune a kanta, ka taɓa ka san taka ce amma ba ka ji? Haka nake tun ranar biso. Ina jiran kukan ya zo, bai zo ba.

To, ga maganar.

Sabon ɗakin malaman nan da kika yi ta fama a kansa, an gama shi. Malamanki sun ce za su sa masa sunanki. An riga an shafa farin fenti a saman ƙofa, mai rubutu kawai ake jira. Mista Ayuba, mataimakinki, shi yake riƙe da makarantar yanzu. Ya zo har gida ya ce in zo ranar Asabar in ga ɗakin, in yi musu addu'a, in ce na yarda, kafin a rubuta a kira iyaye a yi biki. Abu ne mai sauƙi. In je in ce na gode, in dawo, sunanki ya hau bango ya zauna. Amma akwai abin da na sani game da malamanki wanda su kansu ba su sani ba, na kuma san in na faɗa, wataƙila sunan nan ba zai hau ba.

Ban san iya abin da kika ji a asibiti ba, shi ya sa zan faɗa miki daga farko. Ranar Litinin ɗin nan da kika faɗi a ofis, suka ɗauko ki a mota zuwa nan Kafanchan. Da na iso idonki a buɗe yake, amma ba ki ƙara magana ba har kika tafi. Likita ya kira ni gefe ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya kawo ta. Sai ya tambaye ni ko kafin wannan ba ki taɓa nuna wata alama ba. Baki ya karkace na ɗan lokaci ya koma daidai, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya mutu ya farfaɗo. Ya ce irin wannan ciwo sau da yawa yakan aiko da ƙananansa tukuna, kuma in an kawo mutum a lokacin, suna da abin da za su iya yi. Bai yi mini alkawarin komai ba. Ya dai ce da an sami dama.

Na ce masa babu. Da ƙarfina na faɗa. Kina can makaranta Litinin zuwa Juma'a, ki dawo da yamma ki cire takalmi ki ce kin gaji. Na bi duk Asabar da Lahadin nan ɗaya bayan ɗaya a kaina, ban ga komai ba sai gajiya. Yaushe ne ba ki gaji ba?

Bayan biso malamanki suka zo gaisuwa gaba ɗaya a bas ɗin haya. Suka zauna a jere a tsakar gida, Mista Ayuba ya yi magana a madadinsu, ya ce an yi babban rashi, sauran suka ce amin, suka tashi. Na ɗauka shi ke nan. Ashe za su dawo. Suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, wannan yau, wancan wani mako, kowa da ɗan dalilinsa. Wani ya zo kasuwa ne, wata ta zo duba 'yar'uwarta. Su zauna a falo su sha ruwa, mu yi maganar damina da tsadar taki, ba abin da ya wuce haka. Kin san ni da rakiya, ba na barin baƙo ya fita shi kaɗai sai na kai shi kwalbatin nan inda 'yan okada suke tsayawa. To, a wannan 'yar tafiyar suke magana. A cikin gida hotonki yana bango, ina jin shi ya sa ba sa iyawa.

Bitrus ne ya fara, malamin aikin gona, wanda yake kai ki kasuwar Kwoi a mashin ɗinsa. Muna tafiya yana kallon ƙasa ya ce tun zango na biyu, wata rana kuna kan hanya, ya ji hannunki na dama ya saki rigarsa, jikinki ya kwanto masa ta gefe ɗaya. Ya tsaya a bakin hanya ya yi kamar yana duba taya. Ya ce kin yi shiru kina kallon gona na ɗan lokaci, sannan kika ce ya yi sauri rana tana yi. Tun daga ranar yake tuƙa ki a hankali kamar ya ɗauko kwandon ƙwai, har kina yi masa faɗa wai ya cika sanyi. Na tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ce ta ina zai fara ce wa Madam ta kusa faɗuwa.

Bayansa Malama Hajara ta zo, Bafulatanar nan mai koyar da lissafi, wadda kike cewa ta fi maza biyu aiki. Ta kawo mini man shanu daga wurin mahaifiyarta. A hanya ta ce ta taɓa shiga ofishinki da safe kina shan shayi, ta ga shayin yana zuba ta gefen bakinki yana sauka a rigarki ba ki sani ba. Ta ce ta juya ta kalli taga har kika goge. A gidansu, in ji ta, ba a kallon babba a lokacin da jikinsa ya kasa, kawar da kai ake yi, shi ne girmamawa. Ta ce ta yi niyyar kiran waya ta gaya mini, har ta nemi lambata, sai ta ga kamar ta kai ƙararki ne wurin mijinki.

Mista Ayuba ma ya dawo shi kaɗai. Shi a asembili ya gani. Kin yi sanarwar ranar jarrabawa, kika gama, kika sake farawa daga farko kamar ba ki faɗa ba, maganar tana fita a dunƙule. Yara suka fara kallon juna. Ya ce nan take ya ɗaga waƙar yabo da ƙarfi, yara suka amsa, ya kora su aji. Bayan haka ya rage kawo miki aiki, abin da zai iya yi da kansa ya yi. Da yake ba ni labarin har da ɗan alfahari a muryarsa, wai ya rufa miki asiri, kafin ya tuna inda maganar ta ƙare.

Ba su kaɗai ba ne. Wata ta ga alli ya faɗi daga hannunki kin kasa ɗauka, ta sunkuya ta ɗauka kamar nata ne. Wani ya ji kin kira shi da sunan malamin da ya bar makarantar da daɗewa, ya amsa. Na daina lissafa su. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda kowannensu yake ƙarewa. In mun kai kwalbati sai ya ce shi kaɗai ya gani, shi kaɗai yake ɗauke da wannan, don Allah Baba kada sauran malamai su ji, ba zai iya haɗa ido da su ba. Ni kuma in ce to, in tsayar masa da okada.

Kin gane, Saratu? Ɗaki guda suke zama, tebur a jikin tebur, kwano ɗaya suke cin gyaɗa. Zango guda cur kowa yana kallon kina tafiya, kowa yana tsammanin idonsa ne kaɗai ya gani. Ko a junansu ba su yi gulmar ba. Wace irin makaranta ce malamai ba sa gulmar shugabarsu?

Ban yi fushi da su ba. Na so in yi, na nema a cikina ban samu ba. Nakan dawo daga rakiya in zauna a kujerarki in kalli ƙofa har a kira ni cin abinci.

A zaman nan ne na riƙa tuna yadda kike yabon malamanki. Ki dawo ranar Juma'a ki ce mitin ɗinki ba ya daɗewa, kafin shayi ya huce kun gama. Ki ce sauran firinsifal suna kuka da malamai masu taurin kai, ke naki ba ruwansu, abin da kika ce shi ke nan. Ni ma ina jin daɗi, har nakan faɗa wa abokaina a tashar jirgi. Kika ce kullum sai kin tambaya ko akwai mai magana kafin ki rufe. Na yarda kina tambaya. Amma na san yadda kike irin wannan tambayar, don a gida ma kina yi mini. Kin riga kin tashi tsaye, jaka tana kafaɗa, hannu ɗaya a kan ƙofa, sannan ki ce ko ina da wani abu. Wa zai ce yana da wani abu? Ni dai nakan ce Allah ya kiyaye hanya.

Ba zargi nake yi ba. Ina nan lokacin da aka fara kai ki makarantar, mace ta farko da ta riƙe ta. Na tuna yadda kike dawowa ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa. Dattawan malamai suna kiranki yarinya a bayan idonki, ki ba da umarni su ce za su yi shawara tukuna, wani ya taɓa ce miki a gaban yara wai ki je ki tambayo mijinki. Na ga ranar da kika koyi ɗaure fuska, ni na ce miki ki ɗaure, kada ki bari su ga haƙoranki. Ya yi aiki. Waɗancan suka yi ritaya, wasu aka canza musu wuri, sabbi suka zo, yara ƙanana da ba su taɓa raina ki ba. Fuskar dai ba ta kwance ba. Ina jin ba wanda ya gaya miki yaƙin ya ƙare.

Da Mista Ayuba ya kawo maganar ɗakin, na gaya wa Rahila komai, ban ambaci sunaye ba. Ta yi kuka irin wanda ni na kasa. Da ta share hawaye ta ce Baba kada ka je ka tono wannan. Ta ce ba zai dawo da ke ba. Ta ce shekarun da kika yi kina wahala a ƙauyen nan, ba ruwan famfo ba wuta, abin da ya rage miki ke nan, suna a saman ƙofa, in bar miki. Ta ce in na buɗe bakinsu ban san abin da zai fito ba. Ta fi ni saninki ta wannan gefen, ita ta tashi a hannunki. Ta nemi in yi mata alkawari zan yi addu'a kawai in dawo. Na ce zan duba. Ta ɗauka na ce to.

Gaskiya na so in bi maganarta. A reluwe an koya mana ko lebura ne ya ga layi ya tsage, ya ɗaga jan ƙyalle, jirgi ya tsaya ko wa ke ciki. Na yi ta juya wannan a kaina, sai na ga wa'azi ne kawai, kuma wa ya aike ni in yi wa malamai wa'azi? Ni ban wuce aji uku na sakandare ba. Na ce a raina a bar su, kowa ya ji da nasa.

Abin da ya juya ni ƙaramin abu ne. Ana jibi taron Mista Ayuba ya kira ni a waya ya tuna mini. Na tambaye shi, don in cika magana kawai, ko duk malamai sun yarda da sa sunan. Ya ce ai Baba duka, ya kawo maganar a mitin ya tambaya ko akwai mai magana, ko tari ba wanda ya yi. Ya ce har yanzu makarantar tana nan lafiya lau yadda Madam ta bar ta. Muryarsa irin taki sak ta ranar Juma'a. Mutumin nan yana da ciwon suga, kin sani, ke kika gaya mini. Na ajiye wayar ina tunanin ranar da shi ma zai fara tangaɗi a gaban yara, wani ya ɗaga masa waƙa.

Jiya da safe na shiga motar Kwoi, daga can na hau okada. Ɗakin ya yi kyau, Saratu. Tagogi manya kamar yadda kike so, iska tana shiga ta ko'ina. Sun jera kujeru, sun sa mini ta gaba, an kawo lemo. Ba yara, ba iyaye, malamai ne kawai. Mista Ayuba ya yi jawabi a kanki, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Sai ya ce Baba zai yi mana addu'a.

Na tashi. Ban yi addu'ar ba. Na faɗa musu abin da likita ya tambaye ni da amsar da na ba shi. Na faɗa musu abin da ya ce game da ƙananan alamun nan. Sannan na ce kusan duk wanda yake zaune a ɗakin nan ya zo gidana shi kaɗai, ya ce mini shi kaɗai ya gani. Na ce ba zan kira sunan kowa ba, na yi alkawari, amma kowa ya sani na gefensa ma ya gani, na bayansa ma ya gani. Na ce ban zo neman mai laifi ba, ban san ma me na zo nema ba. Iyakar abin da na ce ke nan. Muryata ba ta yi rawa ba, kamar ina karanta sanarwar coci. Na zauna.

Aka yi shiru. Wannan ne shirun da kike yabo, jiya na ji shi da kunnena. Ana jin awaki suna kuka a bayan katanga. Ba wanda ya kalli kowa. Mista Ayuba ya gyara murya, ya fara miƙewa, na san rufe taro zai yi. Na ce a raina shi ke nan, na ƙi bin maganar 'yata a banza.

Sai Bitrus ya yi magana daga baya, bai ko tashi ba. Ya ce shi ne na mashin. Ba wanda ya san wane mashin, dole ya ba da labarin. Wadda ta ɗauki allin ta rufe fuska da ɗankwali. Sai Malama Hajara ta miƙe. Ta ce ta gaya mini wai kunya ce ta hana ta, amma ba duka gaskiyar ke nan ba. Ta ce tsoro ne. Ta ce tsoronki take ji, kuma tana jin ba ita kaɗai ba.

Daga nan ba a sake yin shiru ba.

Zan faɗa miki abin da suka ce, don ba na son a yi maganarki ke ba ki sani ba. Wani Danladi, ban san shi sosai ba, ya ce a shekararsa ta farko ya taɓa ce miki a mitin cewa jadawalin darasi ya yi karo. Ba ki yi masa faɗa ba, ba ki hukunta shi ba. Kin dai daina amsa gaisuwarsa har zangon ya ƙare, duk saƙonki ta hannun wani yake zuwa masa. Ya ce duk malaman sun gani, daga nan kowa ya koyi darasi. Wata ta ce ta yi ɓari ranar Lahadi ta zo aiki ranar Litinin, don ta kasa tunanin yadda za ta tsaya a gaban teburinki ta faɗa. Wani ya ce sun san rufin aji ɗaya yana yoyo a kan yara damina guda, kowa yana jiran ki gani da kanki. Suka ce in kin shigo ɗakin malamai kowa yakan nemi littafi ya buɗe.

Wasu sun tsaya miki. Bitrus ya ce ba don ke ba da ba a gina ɗakin da suke zaune suna zaginki a ciki ba. Malama Hajara da kanta, wadda ta ce tsoro, ta ce lokacin da aka yi tashin hankalin nan yaran ruga suka daina zuwa, ke kaɗai kika taka da ƙafa har wurin iyayensu kika dawo da su, alhali malamai maza sun ƙi raka ki. Ta ce duka biyun gaskiya ne, kada wani ya sa ta zaɓi ɗaya. Tana faɗa tana kuka.

Ni ina zaune a kujerar gaba da lemo a hannu. Ban kare ki ba, Saratu. Matata ce ake buɗewa a gabana, shekara talatin da wani abu muna tare, na jira in ji zuciyata ta tashi in buga tebur in ce ya isa. Ba ta tashi ba. Kuma da na buɗe baki, me zan ce? In ce ƙarya ne? Ni ma na san kwanakin da ba kya amsa gaisuwa. Bambancina da su shi ne ni na san yadda kike dariya in kin cire takalmin nan, su ba su taɓa gani ba.

Can sai Danladi ya ce a ganinsa a dakata da rubuta sunan. Ya ce ba don ƙiyayya ba, amma ɗakin malamai wuri ne na magana, a fara tunani tukuna. Bitrus ya ce in ba a sa ba shi ba zai ƙara shiga ɗakin ba. Mista Ayuba ya ɗaga hannu ya ce an riga an yanke wannan, kowa ya yarda. Wata malama da ban taɓa jin muryarta ba ta ce masa a ido ba wanda ya yarda, shiru kawai aka yi, kuma shi ma ya fara rataya jaka kafin ya tambaya. Na ga fuskarsa ta ɗaure. Na ga ya buɗe baki. Sai ya koma ya zauna, ya ce ta ci gaba.

Na ajiye lemon a ƙasa na fita. Ba wanda ya lura. Har na kai bakin hanya ina jin muryoyinsu ta manyan tagogin nan naki, kowa yana son a ji tasa.

Da na iso gida na kira Rahila na faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaye ni ko za a sa sunan. Na ce ban sani ba. Ta kashe wayar. Yau bayan sujada na kira ba ta ɗauka ba. Mista Ayuba ma bai kira ba, ban san yadda suka ƙare ba, ban san ko sun ƙare ba. Wataƙila mako mai zuwa mai rubutu ya hau tsani. Wataƙila farin fentin nan ya zauna haka har ya yi datti.

Ban ji daɗi ba, ban kuma yi nadama ba. Ban ji komai ba, sai dai na san abin da na yi. Abu ɗaya ya rage a hannuna da zan iya tsare miki, sunanki, na ɗauke shi na kai tsakiyar ɗaki na ajiye na taho. Na yi daidai? Fasto zai ce Allah ya san zuciya. Iliya zai ce yadda ka gani Baba. Abokaina za su ce na yi ƙoƙari. Duk garin nan ba wanda zai dube ni ya ce Yohanna ka yi wauta, ko ka yi daidai, ya faɗa har cikin ransa ba don ya lallashe ni ba. Ke ce mai yi mini wannan, tun kafin in gama bayani kin yanke. Yau na gama bayanin duka, har ƙarshe, ba ki katse ni ba.

Ki huta, Saratu. Sai ranar da Ubangiji ya haɗa mu, in ji hukuncinki.

Ni ne mijinki,
Yohanna, Baban Rahila.